Wata Shida na Jinya da Abincin Yini

Maganin tarin fuka wata shida ake shan sa, kuma babu likitan da zai rage maka ko da ka durƙusa masa. Abin da ma'aikaciyar jinya ta fara gaya mana ke nan ranar da sakamakon gwajin kakin maigidana ya fito, a farkon hunturu. Kafin nan ya jima yana tari, yana zufa da dare har zanin gado ya jiƙe, wandunansa duk sun yi masa yawa.

Ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Wata biyun farko magani iri huɗu ne haɗe a ƙwaya ɗaya, wata huɗun da ke biye kuma iri biyu. Da sassafe zai riƙa sha, kafin ya sa komai a bakinsa. Fitsarinsa zai koma ja-ja saboda ɗaya daga cikinsu, rifampicin, kada mu tsorata. Za a sake gwada kakin a ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6. Maganin kyauta ne. An yi masa gwajin ƙanjamau kamar yadda ake yi wa duk mai wannan ciwo, an duba autanmu da bai kai shekara biyar ba aka ba shi maganin kariya. Ni aka rubuta mai kula da shi, aka miƙo mini katin da zan riƙa yi wa alama duk ranar da ya haɗiye ƙwayar a gabana.

Na dubi katin nan da layukansa babu komai a ciki, gabana ya faɗi. Maigida kafinta ne a Malumfashi, abin da hannunsa ya yi shi muke ci. In shago ya rufe, tukunya ta rufe. Makonnin farko ban yi barcin kirki ba. Da zarar na kwanta sai lissafi ya taso: kuɗin haya, kuɗin makaranta, buhun masarar da ya kusa kai ƙasa, Kirsimeti da ke tafe babu ko yadi ɗaya na yara. Addu'ata duka ta koma kalma ɗaya, a yi sauri.

Matar fastonmu ce ta zo gaishe mu wata Talata bayan taron Zumuntar Mata. Ta same ni a bakin murhu ina ƙirga ranakun da suka rage a katin. Ta ce, "'Yata, me kike ƙirgawa?" Na ce, "Mama, sauran da yawa. Ban san inda zan samo ƙarfin da zai kai ni ƙarshe ba." Ta ce, "To wa ya ce miki yau za a ba ki shi duka?" Sai ta sa na ɗauko Littafi Mai Tsarki muka karanta Fitowa sura 16. Na san labarin manna, abincin da Allah ya riƙa saukar wa Isra'ilawa a jeji, tun ina makarantar Lahadi, amma ban taɓa lura da tsananin dokar ba. Kowa ya tattara abin da zai ishe shi na yini ɗaya kawai. Waɗanda suka ɓoye saura don gobe sun wayi gari ya yi tsutsa yana wari. Ranar shida kaɗai ake ɗiban ninki biyu saboda Asabar. Haka mutanen nan suka ci har shekara 40, ba rumbu, ba ajiya. Ta rufe littafin ta ce, "Kullum kina cewa 'Ka ba mu rananga abincin yini.' Ki fara nufin abin da kike faɗa."

Daga nan na canza yadda nake tashi. In gari ya waye na ɗebo ruwa, na ba shi ƙwayarsa, na ga ta wuce, na yi alama a layin ranar, na mayar da katin cikin Littafi Mai Tsarki ba tare da na leƙa layin gobe ba. Sai mu yi Addu'ar Ubangiji tare, a hankali. Na buɗe tagogi duk da sanyin hunturu, domin an gaya mana a iska ciwon ke yaɗuwa, ɗaki mai samun iska da rana kuma shi ne kariyar yara. Bayan an jima na dama kunu. Abin da nake roƙo bai wuce na wunin ba: abin da za mu ci, ƙarfin da zan yi wanki, da bakin da ba zai faɗa wa majinyaci maganar da za ta ƙona masa rai ba. Wannan na ƙarshen ya fi sauran wuya, domin namijin da ya saba fita nema in ya kwanta yakan yi saurin fushi, mai jinya kuma takan gaji.

Babban gwajin bangaskiyarmu bai zo lokacin da jiki ya yi tsanani ba. Ya zo ne da sauƙi ya samu. Cikin wata na biyu tarin ya lafa, zufar dare ta ɗauke, ya fara neman ƙarin tuwo. A lokacin ne wani danginsa ya kawo mana wani mai addu'a daga wani gari. Mutumin ya yi addu'a da ƙarfi, sannan ya ce an riga an warkar da maigida, ci gaba da shan magani kuwa alamar shakka ce, a zubar da ƙwayoyin don a nuna bangaskiya. Na ga maganar ta shige shi, don ya gaji da maganin, yana kuma ɗokin komawa shago. Da baƙin suka tafi na ce, "Maigida, ka tuna Hezekiya?" A 2 Sarakuna sura 20 Allah da kansa ya aiko annabi Ishaya ya gaya wa sarki Hezekiya, wanda maruru ya kwantar, an ji addu'arsa, an ga hawayensa, an ƙara masa shekara 15. Duk da haka Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Alkawarin bai hana maganin ba. Na kuma tuna masa gargaɗin ma'aikaciyar jinya: wanda ya daina sha a tsakiya don ya ji sauƙi, ƙwayoyin cutar da suka rage sukan dawo da taurin kai, su ƙi jin maganin farko, jinyar ta zama mai wuya fiye da da. Ya yi shiru, da safe ya miƙo hannu ya karɓi ƙwayarsa.

Har yau abin nan yana mini ciwo, domin na san gidajen da irin wannan koyarwa ta shiga. Ana kiranta bangaskiya, ni kuwa gajen haƙuri na gani a cikinta. Mutum ne ya gaji da jira yake so ya tilasta wa Allah ya bi agogonsa.

Kada wani ya ɗauka na zama dutse. Akwai daren da na fita bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah. Abin da ya riƙe ni shi ne Zabura 13, inda Dawuda ya tambayi Ubangiji "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu na farko, kuma ba a goge tambayar daga Littafin ba. Tun da aka bar ta a ciki, na san ni ma an ba ni izinin yin ta. Na daina ɓoye wa Allah gajiyata, na kuma ga cewa faɗa masa gaskiya ba ya rage dogara gare shi.

Alherin kuwa da ƙafa ya riƙa zuwa, ta ƙofofin da ban zata ba. Wasu da muke zaune benci ɗaya a majami'a sun ɗauke ƙafa, wata ma ta hana 'yarta shan ruwa a gidanmu, alhali ciwon ba ya bin kwano ko moɗa. Amma wata gwauruwa tsohuwa da ba ta da komai sai kaji, ita ce ke ƙunso ƙwai a bakin zaninta ta kawo wa majinyaci. Abokin sana'ar maigida, Musulmi, ya ƙarasa kujerun da aka riga aka ba da kafin alƙalami a kansu, ya kai wa masu su, ya kawo mana cikon kuɗin bai cire ko na ƙusa ba. Mai shagon unguwa ya buɗe mana shafi a littafin bashi bai taɓa aiko yaro ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo da wuri har in ajiye, babu kuma wanda ya makara. Da na sake karanta inda Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙaya, aka amsa masa da "Alherina ya ishe ka," sai na lura ba a ce masa zai yi rara ba.

Ban san ranar da salamar ta shigo ba, amma na san ta riga sakamako zuwa. Ista ta same mu gwajin wata na biyar yana gabanmu. A wa'azin Jumma'a Mai Kyau fasto ya tsaya a ƙarshen Luka sura 23, kan matan da suka ga inda aka sa jikin Yesu, suka koma gida suka shirya kayan ƙanshi da man shafawa, sannan suka huta ranar Asabar bisa ga umarni. Ba su san abin da Lahadi za ta kawo ba. Sun yi abin da ke hannunsu, suka zauna. Ranar da muka kai kakin asibiti na lura hannuna ba ya rawa. Ba don na tabbata zai fito da kyau ba, don ban tabbata ba. Na dai riga na ga Wanda ya ciyar da mu jiya da shekaranjiya, na kuma yarda ko sakamakon ya zo da wata magana, zai kasance a wurin da rabon wannan ranar.

Gwajin ya fito babu ƙwayar cuta, na wata na shida ma haka. An sallame shi ana shukar farko. Ƙarfinsa bai dawo nan take ba, ya daɗe yana aikin rabin yini, bashin mai shago kuma kaɗan-kaɗan muka biya shi har bayan kaka. Yanzu a Zumuntarmu mun raba kwanaki, duk gidan da ke da doguwar jinya akwai wadda za ta leƙa da kwano a ranarta, ta zauna, ta sha ruwan gidan. In kuma na ji wani yana tari ya wuce mako biyu, nakan ce masa ya shirya da safe in raka shi a gwada kakinsa.