Harbin bazuka cikin iska a Worms Armageddon ya fara yi mini daidai

'Yan'uwa masu koyon Worms Armageddon, wasan kwamfutar da ƙungiyoyin tsutsotsi ke yaƙar juna da makamai bi da bi, a ƙarshe dai rokar bazuka ta fara sauka inda na aike ta ko da iska tana kaɗawa da ƙarfi, kuma farin cikin hakan ne ya sa na zauna rubuta muku wannan.

Abin da ya daɗe yana hana ni sakat shi ne harbin sama, wanda ake cillawa ta kan tudu domin ya faɗo a kan tsutsar da ta ɓuya a rami. Ma'aunin iska zai nuna ƙarfi iri ɗaya da na wani zagaye da ya wuce, in yi gyara daidai gwargwado, amma rokar ta wuce can ta faɗa ruwa. Dalilin kuwa shi ne iska ba sau ɗaya take tura rokar ba, tana ci gaba da tura ta muddin tana sama, saboda haka idan lokacin tafiyarta ya ninka biyu, karkacewarta kan kai kusan ninki huɗu. Harbin da ya miƙe ƙasa-ƙasa da ƙyar iska take taɓa shi, wanda ya lula sama kuwa ita ce take yanke hukuncin inda zai sauka.

Da na gane haka sai na riƙa cika ƙarfin harbi har ƙarshe a kowane lokaci, ina sauya kusurwa kaɗai, domin abu ɗaya ya rage mini in lissafa cikin daƙiƙoƙin da ake ba ni. Jiya na harba kusan tsaye, na ɗan karkata cikin iska, rokar ta ɓace daga saman allo, sannan iskar ta dawo da ita baya ta sauka a kan tsutsar da ke maƙale a ƙarƙashin bakin dutse, ta cire mata maki 50 cif daga lafiyarta. Na maimaita kallon wannan harbi a fayil ɗin da ke naɗe wasan har na gaji.

Gurneti kuwa, tun da iska ba ta shafarsa, na ɗauka zai zo da sauƙi, amma tsallensa bayan ya taɓa ƙasa yana ba ni haushi ƙwarai, musamman idan na sa masa daƙiƙa 3 a kan gangara.

Yanzu na fahimci abin da ya sa wasan da kamfanin Team17 ya fitar tun 1999 har yau yake da masu buga shi a intanet, har aka yi masa sabon gyara a 2020, kuma da yawa suke ɗaukarsa mafi kyau a jerin wasannin Worms. A ganina sun yi gaskiya, domin sarrafa makamansa bai da sassauci ko kaɗan. Igiyar lilo, wadda tsutsa ke lilo da ita daga wuri zuwa wuri, ita ce ta rage mini in koya, kuma ba zan taɓa ta ba sai gurnetin ya daidaita.