Abin da kainuwa ke ɓoyewa a tafkin Madarunfa

Tun ina yaro nake bin kawuna kamun kifi a tafkin Madarunfa, kusa da Maraɗi a Nijar. Shi ya fara nuna mini cewa ruwan da ke tsakanin bado da na fili ba launinsu ɗaya ba. Sai da na shiga jami'a a Maraɗi na ɗiga ruwan a madubin ƙara girma, na ga dalili: ƙananan tsirrai ne birjik, ido ba ya ganinsu, wasu kore, wasu masu ɓawo kamar gilashi. Su ne abincin karfasa.

Inda bado da ciyawar ruwa suke tsaka-tsaki, ire-iren ƙananan tsirran nan sun fi yawa, don akwai inuwa, akwai rana, akwai kwantaccen ruwa. Amma in kainuwa ta shimfiɗe ta rufe sama, ta tare haske, ta shanye sinadaran taki, sai kaɗan su tsira.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa a tuge komai. In an share manyan tsirran, takin gonaki ya gangaro da damina, iri ɗaya na ƙananan ne ke mamaye ruwan, ya yi kore shar, iska ta ƙare da dare, da asuba kifi na haki a sama. Kawu ya sha gani.