Cire salansa daga a-kori-kura mai shan dizal: abin da ake samu da abin da ake rasawa

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da masu motocin a-kori-kura masu amfani da man dizal ya san cewa ba a jimawa ana hira sai maganar salansa ta taso, domin akwai masu ganin cewa wannan tukunyar ƙarfe da ke rataye a ƙarƙashin mota ba ta da wani aiki face shaƙe inji da hana shi nuna ƙarfinsa. Shawarar da suke bayarwa ita ce a kai motar wurin mai walda, a yanke tukunyar, a jona miƙaƙƙen bututu a gurbinta. Na saurari hujjojinsu da kyau, kuma wasu daga ciki gaskiya ne, sai dai bayan na auna su matsayina shi ne mai cire salansa ƙara kawai yake saye, kuma yana biyan kuɗinta da tsada fiye da yadda yake zato.

Ya kamata a fara fahimtar aikin da salansar take yi. Duk lokacin da mai ya ƙone a cikin silinda, bawul ɗin fitar hayaƙi yakan buɗe alhali hayaƙin yana da zafi da matsi mai yawa, sai ya fito da ƙarfi a dunƙule, kuma jerin waɗannan dunƙulen ne kunne yake ji a matsayin ƙarar inji. Salansa iri biyu ce. Akwai mai ɗakuna a ciki, wadda take tilasta wa hayaƙi ya bi ta lunguna yana karo da faifan ƙarfe, ta yadda amon da ya dawo baya zai kashe wanda ke tafe. Akwai kuma wadda bututu ne mai ƙananan huji ya ratsa ta daga wannan baki zuwa wancan, an naɗe shi da zaren gilashi ko na ƙarfe da ke shanye amo. Ta farko ta fi tare hayaƙi, ta biyu kuwa kusan ba ta tare shi ko kaɗan, kuma wannan bambanci zai yi amfani idan an zo batun mafita.

Babbar hujjar masu cirewa ita ce inji zai samu numfashi, kuma a nan dole in ba su gaskiyarsu. Kusan duk a-kori-kurar dizal ta zamani, daga Toyota Hilux da Isuzu D-Max zuwa manyan motocin Amurka masu injin Cummins ko Duramax ko Power Stroke, tana da turbo. Hayaƙin da ke fita shi ne yake juya farfelar turbo, ita kuma ta tura ƙarin iska cikin inji, kuma farfelar tana juyawa ne gwargwadon bambancin matsin da ke gabanta da na bayanta. Saboda haka idan aka rage cikas a bayanta, takan ɗan fi saurin tashi, zafin hayaƙin kuma yakan ɗan sauka, wanda abin so ne ga mai jan kaya masu nauyi a hawan tudu. Maganar da wasu kanikawa ke yi cewa inji yana buƙatar matsin salansa kafin ya yi ƙarfi ba ta da tushe ga inji mai turbo, kuma bai kamata a tsorata kowa da ita ba.

Abin tambaya shi ne girman ribar. Injin dizal ƙarfinsa yana bin yawan man da ake fesa masa, kuma a motocin yau kwamfutar inji ce take ƙayyade wannan, ita ce kuma take tsayar da matsin turbo a iyakar da kamfani ya zaɓa. Yanke salansa ba ya sauya ko ɗaya daga cikin waɗannan umarni. Kamfanonin kuma ba su zaɓi girman salansar da ka ba, sun auna ta da yawan hayaƙin da injin ke fitarwa. Don haka a motar da ba a taɓa injinta ba, ƙarin ƙarfin da za a samu ɗan kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa bai kai yadda direba zai bambance shi ba da a ce an toshe masa kunne. Abin da ke faruwa shi ne kunne yana ruɗin jiki, mota ta fi ƙara sai a ɗauka ta fi gudu. Haka batun tsimin mai yake, domin ɗan abin da aka samu yakan tafi a ƙafar direban da yanzu yake ƙara taka totur don ya ji rurin motarsa. Rage nauyi kuwa bai cancanci dogon bayani ba, tunda ƴan kilo ne aka cire daga motar da ta haura tan 2.

Saura ƙara, wadda ita ce ainihin dalilin mafi yawan masu yin wannan aiki, kuma ban ga laifin mutum ya so muryar injinsa ba. Injin Cummins mai lita 5.9 da silinda 6 a jere, wanda aka fara sa wa motocin Dodge Ram a 1989, yana da wani gunji mai kauri da fiton turbo a samansa, wanda duk mai son injuna zai tsaya ya saurara. Wani abin da ke taimakon masu cirewa shi ne turbo da kanta tana farfasa dunƙulen hayaƙi kafin su kai bututu, shi ya sa dizal mai turbo da aka cire wa salansa ba ya tsaga kunne kamar motar fetur marar turbo da aka yi wa haka. Idan mota tana tsaye ana jin ta daga waje, ko an ɗan zaga da ita cikin gari, lallai akwai daɗin ji.

Matsalar tana bayyana ne a doguwar tafiya, kuma a nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi lissafi. A inji mai bugu huɗu, kowace silinda tana ƙona mai sau ɗaya a duk juyi biyu. Inji mai silinda 6 da ke juyi 1,800 a minti yana fitar da dunƙulen hayaƙi 90 a kowace daƙiƙa, mai silinda 8 yana fitar da 120, mai silinda 4 a juyi 2,000 kuma kusan 67. Amo mai kauri irin wannan shi ne ya fi wuyar tarewa, yana ratsa ƙarfe da gilashi da kujera, kuma idan ya dace da tsawon bututun ko girman ɗakin direba sai ya ninka kansa, kamar yadda kwalba take amsawa idan an hura bakinta. Abin takaicin shi ne wannan juyi shi ne daidai inda injin dizal yake zama a babbar hanya. Sai ka ga madubin ciki yana rawa har hoton da ke cikinsa ya dushe, murfin aljihun gaba yana kaɗawa, wanda ke kujerar gefe sai ya ɗaga murya kafin a ji shi, kuma da an ɗora kaya ko an ja tirela rugugin yakan ƙaru domin injin yana aiki da ƙarfi a wannan juyin na tsawon awoyi. Direba yakan sauka da ciwon kai da gajiyar da ba ta tuƙi kaɗai ba ce, gajiyayyen direba kuwa haɗari ne ga kansa da sauran masu hanya.

Batun kunne ya fi damuna a cikin duka. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar kada mutum ya wuce awa 8 a cikin ƙarar da ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti), kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, wato awa 4 a 88, awa 2 a 91. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa, lalacewarsu kuma a hankali take zuwa ba tare da zafi ba, har sai mutum ya lura yana yawan cewa a maimaita masa magana, ko kunnensa yana yi masa kuwwa da dare. Wanda sana'arsa ke kan sitiyari kullum shi ne ya fi kowa shiga wannan haɗari, tare da yaran da yake ɗauka a baya waɗanda ba a nemi ra'ayinsu ba. Haka ma maƙwabcin da ake tayar da mota kusa da tagarsa da asuba, da marar lafiyar da ke kwance a gidan da ke bakin titi, suna da haƙƙi a kan mai motar ko da babu dokar da ta ambace su.

Akwai kuma ruɗanin da ya kamata a warware, domin mutane da yawa suna haɗa salansa da na'urorin tace hayaƙi. Tun daga motocin 2007 a Amurka, da kuma zuwan ƙa'idar Euro 5 mai iyakance hayaƙin motoci a Turai daga 2009, motocin dizal suna zuwa da matatar da ake kira DPF, wadda take kama baƙin ƙurar hayaƙi, daga baya kuma aka ƙara tsarin fesa ruwan yuriya don rage iskar gas mai guba. Matatar tana kashe ƙara sosai, kuma ita ce ta fi tare hayaƙi nesa ba kusa ba. Wanda ya yanke salansa a irin wannan mota yakan tarar ƙarar kusan ba ta sauya ba, ƙarfin ma haka, daga nan sai a ba shi shawarar ya cire matatar ita ma. Wannan mataki na biyu daban yake da na farko. A Amurka dokar tarayya ta tsabtar iska ta haramta shi, a Birtaniya kuma tun 2014 motar da aka cire wa matatar ba ta cin gwajin shekara. Dalilin a fili yake, domin a 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga ɗan Adam. Ita salansa ba ta tace komai, amma ƙasashe da jihohi da yawa suna da dokar da ta wajabta mota ta kasance da ita kuma tana aiki, saboda haka cire ta na iya jawo tara, ko faɗuwa a gwaji, ko gardama da kamfani a kan garanti, sannan mai saye na gaba yakan ɗauka an wahalar da motar ya karya mata farashi.

Ingancin aikin shi ma abin dubawa ne. Wasu sukan yanke bututun su bar bakinsa a ƙarƙashin mota, hayaƙi yana dukan tayar safaya da tiyon birki da wayoyi, yana kuma samun hanyar shiga ɗakin direba idan an tsaya a cunkoso. A mota mai DPF haɗarin ya fi girma, domin lokacin da matatar take ƙone ƙurar da ta tara zafinta yakan kai kusan digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa wasu kamfanoni suke yi wa ƙarshen bututun tagogi da ke jawo iska mai sanyi ta gauraya da hayaƙin. Wanda ya yar da wannan ɓangare ya ajiye motar a kan busasshiyar ciyawa yana iya tayar da gobara.

Akwai lokacin da na yarda salansa ta cancanci a sauke ta, wato idan ta mutu. Alamunta ba sa ɓuya: idan mota ta huce ka buga tukunyar da tafin hannu, za ka ji faifan ciki suna kwaramniya, ko ka ga baƙin layin hayaƙi yana bin gefen walda, ko tsatsa ta huda ƙasanta. Faifan da ya karye ya toshe hanya yana iya rage ƙarfin inji da gaske, kuma ina kyautata zaton yawancin masu rantsuwa cewa motarsu ta farfaɗo bayan cirewa irin wannan matacciyar salansa suka rabu da ita. A wannan hali abin da nake ba da shawara shi ne a sa irin ta biyu da na ambata, mai miƙaƙƙen bututu a ciki, mai faɗi daidai da na motar, domin tana barin hayaƙi ya wuce kusan kamar babu ita, tana ƙara wa inji kaurin murya, tana kuma rage rugugin babbar hanya. Wanda kuwa ya nace sai ya gwada cirewa gaba ɗaya, to ya fara bincika dokar inda yake, ya sa a haɗa bututun da ƙarfen ɗauri maimakon walda, a kai bakinsa har wajen jikin mota, ya kuma adana tsohuwar salansar, sannan kada ya yanke hukunci sai ya yi doguwar tafiya da cikakken kaya da iyalinsa a ciki.