Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Abin da Aka Karanto a Cikin Jinina

Assalamu alaikum masu bibiyar labarina. A makon jiya na tsaya inda hoton sikan ya nuna wani sabon tabo a hantata, bayan na haura shekara biyu ina shan magungunan letrozole da palbociclib, cutar kansar maman kuma tana kwance a ƙashin bayana ba ta motsi. Da yawanku sun tambaya ko daga nan kemo, wato maganin kansa mai ƙarfin nan, aka mayar da ni. Ba a mayar da ni ba, kuma dalilin hakan shi ne labarinmu na yau.

Ni kaina kemon na sa a rai. Na san shi farin sani tun karon farko, lokacin da aka cire min nonon hagu: ɗacin baki, zubewar gashi, da kasalar da ke sa ɗaga kofi ma ya zama aiki. Saboda haka na shiga wurin likitata na riga na ɗaure zuciya. Sai ta rufe fayil ɗin ta ce, "Mama, kafin mu yi maganar wani magani, ina so a ɗebi jininki. Akwai abin da nake son sani game da cutar nan."

Na ce, "Likita, ai tun farko an yanki tsoka an gwada. Ga takardar ma na zo da ita."

Wannan takarda kullum tana cikin jakata, har gefenta ya fara cinyewa. Ita ce ta nuna cewa kansar tawa mai jin kiran sinadarin estrojin ce, kuma ba ta da yawan HER2, wani furotin da ke hanzarta girman wasu kansar. Likita ta karɓa, ta duba, ta miƙo min. Ta ce, "Gaskiya ta faɗa a lokacinta. Amma cutar da ke jikinki yau ba ita ce aka yanka a wancan lokacin ba. Ta yi shekaru tana fama da magani, kuma mai yiwuwa ta canza."

Bari in yi muku bayanin yadda ta yi min, domin idan ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai shiga ba. Kusan 70 cikin 100 na kansar mama irin tawa ce. A cikin kowace ƙwayar kansar akwai wani furotin, makarɓin estrojin. Idan estrojin ya sauka a kansa, sai ya ba ƙwayar umarnin ta rabu biyu, ta yaɗu. Bayan al'ada ta ɗauke wa mace, jiki bai daina yin estrojin gaba ɗaya ba. Kitsen jiki yana ci gaba da samar da ɗan kaɗan ta hanyar wani sinadari mai suna aromatase, kuma shi ne letrozole ke toshewa. Palbociclib kuwa yana riƙe ƙwayar ne a daidai lokacin da take shirin rabuwa.

Likita ta miƙa hannu ta taɓa makunnin fitilar da ke bango. Ta ce makarɓin nan kamar wannan makunni yake, estrojin kuma shi ne yatsan da ke danna shi. Shekara biyu muna janye yatsan, fitila na mutuwa. Amma wani lokaci makunnin kan maƙale a kunne, ko ba yatsa fitilar na ci. Abin da ke maƙalar da shi wani canji ne a ƙwayar gadon da ake kira ESR1, wadda ita ce ke ɗauke da tsarin yadda ake ƙera makarɓin. Idan hakan ta faru, ko an rage estrojin har ya kusa ƙarewa, cutar ba ta damu ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a jini za a nemo shi. Ashe idan ƙwayoyin kansa suka mutu, sukan zubar da gutsattsarin DNA ɗinsu a cikin jini, kuma akwai na'urorin da ke iya tsinto su su karanta. Na tambaye ta me ya sa ba za a sake gwada tsohuwar tsokar ba. Ta ce ba za a samu komai ba, domin a kansar da ba ta taɓa haɗuwa da magani ba da wuya a ga wannan canji, bai fi kamar 1 cikin 100 ba. Amma a cikin matan da cutarsu ta yaɗu kuma suka daɗe a kan irin letrozole, akan same shi a tsakanin 20 zuwa 40 cikin 100. Ga shi kuma tabon hanta na iya ɗauke da canjin, na ƙashi bai ɗauka ba. Allurar da aka soka a wuri guda labarin wurin kaɗai za ta kawo, jini kuwa ya zaga ko'ina.

Kwalba biyu aka ɗiba. Ba kowane asibiti ke yin gwajin ba, sai da aka tura jinin wani ɗakin gwaji na musamman. Jiran nan ya yi min nauyi ƙwarai, musamman idan dare ya yi na ji ɗan motsi a gefen dama na cikina.

Ranar karɓar sakamako babbar 'yata ce ta raka ni. Takardar shafuka ce da yawa, amma likita ta ɗora biro a kan layi guda: ESR1, sai Y537S a gabansa. Ta ce makarɓin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai 595, a jere ɗaya bayan ɗaya, kuma na 537 ne ya musanya da wani. Shi ke nan. Guda ɗaya tak. Na daɗe ina kallon waɗannan haruffa. Shekaru ina fama da abin da ba na gani, yau ga shi an nuna min daidai inda ya karkace.

Tambayar da ta fara fitowa daga bakina ita ce, "Likita, ni na jawo? Wallahi ban taɓa tsallake magani ba. Mako uku ina shan palbociclib, mako guda ina hutawa, yadda kika tsara."

Ta ce, "Mama, cire wannan a ranki. Maganin ya yi aikinsa ne, ya kashe ƙwayoyin kansar da suka dogara da estrojin, sai 'yan kaɗan da suka canza suka samu fili. Wannan canji ya fi fitowa a jikin waɗanda suka daɗe magani na yi musu aiki." Na kawo wannan magana ce don na san akwai mata da yawa da ke kwana da zargin kansu idan cuta ta motsa. Ku ajiye wannan kaya, ba naku ba ne.

Duk wannan lokaci 'yata ba ta ce uffan ba. Sai na ga ta damƙe bakin jakarta har jijiyoyin hannunta sun fito. Ta ce, "Umma, ki yi haƙuri in yi tambaya. Likita, mu fa? Ni da ƙannena, da 'yata?" Ta riga ta karanta labarin canje-canjen ƙwayoyin gadon BRCA1 da BRCA2 masu ƙara haɗarin kansar mama, waɗanda ake gada daga uwa ko uba. Likita ta juyo gare ta sosai, ta ce wannan daban ne. Ba a haifi mahaifiyarki da shi ba. A cikin ƙwayoyin kansar kaɗai ya faru, sauran jikinta ba shi da shi, kuma ba ya bin 'ya'ya. Ta ƙara da cewa duk da haka kada ta yi wasa da zuwa gwajin mama, tunda mahaifiyarta ta yi cutar. Yarinyar nan ta sauke numfashi, hawaye suka zubo mata. Sai a lokacin na gane nauyin da ta ɗauko tun daga gida ba ta faɗa min ba.

Daga nan aka shiga maganar magani. Tunda janye estrojin ya daina amfani, sai a koma kan makarɓin kansa a lalata shi. Akwai tsohon magani mai yin haka, fulvestrant, wanda ake amfani da shi tun 2002. Allura ce guda biyu a mazaunai, kowane wata. Amma irin nawa canjin, Y537S, an san shi da taurin kai a gaban fulvestrant. Saboda haka ta kawo maganar elacestrant, ƙwaya guda da ake sha kullum, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a Janairun 2023, musamman don masu wannan canji na ESR1. Abin lura, sai a 2013 masu bincike suka gano cewa wannan canji ya yawaita a kansar da ta yaɗu. Shekara goma ke nan tsakanin gano matsalar da samun maganin da aka yi mata takanas. Daga baya, a Satumbar 2025, an amince da wani na biyu mai suna imlunestrant.

Na ce ta gaya min gaskiya, nawa zai ba ni. Ba ta ɓoye ba. A binciken da ake kira EMERALD, wanda aka yi da marasa lafiya kusan 480, masu canjin ESR1 da suka sha elacestrant sun samu matsakaicin wata 3.8 kafin cutar ta sake motsi, waɗanda aka ba magungunan da aka saba kuma wata 1.9.

Jikina ya yi sanyi. Na ce, "Wata huɗu ma bai cika ba?"

Ta ce in saurara. Matsakaici na nufin rabin matan sun wuce wannan lokaci, wasu da nisa sosai. Kuma da aka ware waɗanda magani irin palbociclib ya riƙe su shekara guda ko fiye, sai adadin ya kai wata 8.6. "Ke kuma kin haura shekara biyu," in ji ta. "Wannan na nuna cutarki har yanzu ta wannan hanyar take bi, don haka akwai dalilin da za mu tare ta a nan kafin mu koma kemo."

Ba zan yi muku ado ba. Wannan magani ba ya warkar da kansar da ta yaɗu, lokaci yake saya. Amma wanda bai taɓa kwanciya kemo ba ba zai san darajar watannin da mutum zai yi da gashinsa a kansa, yana tashi da ƙafafunsa, yana zama cikin iyalinsa ba. Ni na sani, kuma na karɓa da hannu biyu.

Akwai abu guda da ya tsaya min a rai bayan na koma gida na yi ta karatu. Wannan canji yakan bayyana a jini watanni kafin hoto ya nuna komai. A Faransa an yi wani bincike, PADA-1, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2022. Ana ɗibar jinin mata duk bayan wata biyu, da zarar an ga canjin sai a musanya wa wasu maganin da fulvestrant ba tare da jiran hoto ba. Waɗanda aka musanya wa sun samu wata 11.9 kafin cutar ta sake motsi, waɗanda aka bari a kan tsohon magani wata 5.7. A 2025 wani binciken, SERENA-6, ya bi wannan sawu da sabuwar ƙwaya mai suna camizestrant, waɗanda aka musanya wa suka samu wata 16, waɗanda aka bari a kan tsohon magani wata 9.2. Da na kai wa likitata wannan magana, ta ce haka ne, amma har yanzu likitoci na muhawara ko saurin canza magani yana ƙara tsawon rai gaba ɗaya, ko kuwa ana cinye magani na gaba ne da wuri. Na fahimci hujjarta. Duk da haka, a nawa ganin, macen da ke kan irin wannan magani tana da haƙƙin a gaya mata cewa gwajin yana nan, tun kafin tabo ya fito. Kuma wadda aka gwada ba a samu ba, ana iya sake gwadawa idan cutar ta sake motsi, domin abin da babu yau yana iya fitowa gaba.

Na fara shan ƙwayar. Guda ɗaya ce, miligiram 345, ana haɗiye ta ɗungurungum tare da abinci, ba a taunawa ba a fasawa. Makonnin farko tashin zuciya ya sa ni gaba, musamman da hantsi, ga ciwon gaɓoɓi, har maigida ya ce ko a kira likita a dakata. Na ce masa, "Alhaji, bari mu ga, wannan bai kai rabin na kemo ba." A hankali ya lafa. An kuma riƙa auna kitsen jinina, domin maganin kan ɗaga shi, kuma nawa ya ɗan hau.

Sai aka sa min ranar hoton farko bayan fara sabon magani. Abin da hoton ya nuna a hantar, da shawarar da muka yanke ni da maigida a kan aikina bayan mun fito, su zan kawo muku a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.