Kafin ka cike fom ɗin JAMB, in malamin kiɗa kake son zama

Ƙannena masu sha'awar koyar da kiɗa da waƙa, ku fara binciken abin da sashe yake koyarwa kafin ku duba sunan makaranta ko kusancinta da gida. Ni kusanci na bi. Na shiga sashen wasan kwaikwayo na wata jami'a da ke kusa da mu, da zaton kiɗa na ciki. Ashe ɗan tsakure ne. Na fito ban iya karanta rubutun kiɗa ba, ba ni kuma da shaidar koyarwa, sai da na koma na yi PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri.

Iya kiɗa daban, izinin shiga aji daban. A Najeriya NCE ce mafi ƙarancin takardar da ake koyarwa da ita, karatun shekara 3 ne a kwalejin ilimi, sannan sai ka yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Wanda ya yi digirin kiɗa zalla, ba tare da darussan ilimin koyarwa ba, shi ma PGDE na jiransa. Don haka in aji ne burinka, NCE ko digirin da ya haɗa kiɗa da koyarwa ya fi yanke maka hanya.

Ku kuma shirya yin nisa da gida. Yawancin sassan kiɗa a Kudu suke: Nsukka, wadda ita ta fara buɗe sashen a jami'o'in ƙasar nan a 1961, da Ile-Ife, da Awka, da Abraka. Daga nan Arewa, makarantun horar da malamai na Pankshin da Okene na cikin waɗanda suka fi kusa. Ko ina ne, ku tabbatar NUC (hukumar kula da jami'o'i) ko NCCE (hukumar kula da kwalejojin ilimi) ta amince da kwas ɗin. In da hali ku je da ƙafarku, ku tambayi ɗalibai, ba ofis ba: fiyano nawa ke aiki, sau nawa ɗalibi ke taɓa shi a mako, a wace makaranta ake gwajin koyarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne aiki bayan kammalawa. A firamare da ƙaramar sakandare an cusa kiɗa cikin darasin CCA, wato darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, tare da zane da wasan kwaikwayo, kuma da wuya makaranta a garuruwanmu ta ɗauki malami don kiɗa kaɗai. In kwalejin ta yarda a haɗa kiɗa da wani darasi, Turanci ko Hausa, ku haɗa. Darasin na biyu shi zai sa a karɓi takardarku.

Sannan kada ku jira makaranta ta koya muku kalangu, kuntigi, goge ko gurmi. Manhajar ta fi ba kiɗan Turawa da na Kudu ƙarfi. Lokacin hutu ku nemi makaɗin garinku, ku gaishe shi da ladabi, ku zauna a gabansa ku koya. Yaran da za ku koya wa a Kano ko Katsina waɗannan sautukan suka tashi suna ji, kuma da su za ku fi saurin fahimtar da su ma'aunin kiɗa.