Alkawarin karatun shekara da jadawalin bangon ofis

A ƙarshen wannan zango zan bar makarantar da na daɗe ina koyar da Hausa a cikinta, kuma cikin abubuwan da nake so in rubuta domin abokan aikin da zan bari, har da abin da ya faru da alkawarin karatu da nake ɗaukar wa kaina kowace shekara. Alkawarin shi ne in karanta littafi 24 daga Janairu zuwa Disamba, wato biyu a wata, ban da littattafan manhaja da aji ke tilasta mini karantawa. Na ari wannan ƙidaya ne daga Goodreads, wani shafin intanet na littattafai, wanda tun 2011 yake bai wa masu karatu damar saka adadin littattafan da suke fatan gamawa a shekara. Ni dai a littafin rubutu nake ajiye lissafina, kuma na yi shekaru babu wanda ya san da shi sai malamai biyu da muke zama tare lokacin tara, waɗanda daga baya su ma suka ɗauki nasu alkawarin, muka riƙa musayar littattafai muna tattauna abin da muka karanta.

Abin ya sauya ne lokacin da aka kawo sabon shugaban makaranta. Wata rana ya tarar da mu muna wannan tattaunawa, ya tambaya, na yi masa bayani, ya yaba ƙwarai. Ba a yi mako biyu ba sai ga babban kwali an manna a bangon ofishin malamai, ɗauke da sunan kowane malami a jere, da gurbin kowane wata a gaban sunan, da umarnin cewa duk wanda ya gama littafi ya rubuta sunansa a gurbin. A taron iyaye da malamai da ya biyo baya ya gabatar da kwalin a matsayin shirin da ya zo da shi domin farfaɗo da al'adar karatu, bai ambaci sunan kowa a cikinmu ba. Ban ce komai ba a lokacin, domin na ɗauka idan dai malamai za su karanta, ba sai an san daga inda abin ya taso ba.

Sai dai ba karatu ya biyo baya ba, cika gurbi ne ya biyo baya. Malaman da suke koyar da darussa da yawa, ga jinkirin albashi, ga hidimar gida, sun gane da wuri cewa kwalin ba ya tambayar kaurin littafi ko abin da aka fahimta a cikinsa. Nan da nan gurabe suka cika da ƙananan littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Littattafai ne masu daraja, ni kaina na koyar da su, amma babu wanda ya kai shafi ɗari a cikinsu, kuma mafi yawan malaman sun karanta su tun suna ɗalibai. Wasu ma taƙaitaccen bayanin littafi suke dubawa a waya su rubuta sunansa. Ba na zarginsu, domin an ɗora musu abin da ba su nema ba, suka sauke shi ta hanyar da ta fi sauƙi.

Ni kuwa a wancan zango ina fama ne da Infaƙul Maisuri, littafin Larabci a kan tarihin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda Muhammadu Bello ya kammala a 1812, kafin ya zama Sarkin Musulmi. Larabcina ba mai ƙarfi ba ne, saboda haka da ƙamus a gefe nake karantawa, kuma da na isa wasiƙun da aka yi musaya tsakanin shugabannin jihadi da Shehu al-Kanemi a kan halaccin yaƙar Barno, sai tafiyar ta ƙara yin nauyi. Kowane ɓangare yana kafa hujja da fiƙihu, kuma ba zai yiwu mutum ya wuce shafi ba tare da ya koma ya duba abin da ɗayan ya faɗa ba. Wani lokaci sakin layi guda yakan ci mini zaman dare ɗaya. A cikin wancan zangon ne kuma wata malama ta bar aiki ba a ɗauki madadinta ba, shugaban ya raba azuzuwanta, ya ba ni kaso mafi yawa, ya cire mini sa'ar hutun da nake da ita a tsakiyar mako, sannan ya ƙara mini darasin yamma na 'yan ajin ƙarshe masu shirin WAEC da NECO. Layina a kwali ya zauna fayau wata da watanni.

A taron malamai na ƙarshen zango ya tsaya gaban kwalin yana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, da ya iso kaina sai ya ce, "Malama, ke da kika fi kowa maganar karatu, ga layinki babu komai." Na ce, "Yallaɓai, littafin da ke hannuna babba ne, kuma ka san yawan azuzuwan da nake ɗauke da su." Ya amsa da cewa shi abin da ke rubuce yake gani. Aka yi dariya kaɗan, aka wuce zuwa batu na gaba. Da abin ya tsaya a nan da na haƙura, amma a takardar auna ƙwazo ta ƙarshen shekara ya rubuta cewa ba na ba da haɗin kai ga shirin karatun makaranta, kuma wannan layi yana cikin dalilan da aka ba ni na jinkirta ƙarin albashina. Har yau ban ga adalci a cikin wannan ba, kuma ba zan ce na manta ba.

Abin da na fahimta bayan fushin ya lafa shi ne cewa ƙidayar littattafai tana da amfani ne kawai muddin mai karatun ne yake riƙe da ita. Idan ni kaɗai na san ina bin kaina bashin littafi uku, wannan sanin yana tayar da ni daga kan waya ya mai da ni ga littafi. Da zarar lissafin ya koma hannun wanda yake da iko a kan albashina, sai ya fara zaɓar mini abin da zan karanta, kuma kullum gajeren littafi zai zaɓa. Duk wanda zai fara irin wannan alkawari a wurin aiki, shawarata ita ce ya bar shi tsakaninsa da waɗanda ya amince da su, kada ya kai shi ofishin shugaba ko da shugaban ya nuna sha'awa, musamman ma idan ya nuna sha'awa da yawa.

Wannan abu ne kuma ya sa na sake duba ma'aunin da nake amfani da shi, na tuna cewa muna da namu tsarin tun kafin a ƙirƙiro intanet. A makarantar zaure ɗalibi yakan fara da Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya, ya shiga Risala, kuma wanda ya kai Muhtasar yana iya yin shekaru a cikinsa. Kullum yakan biya 'yan layuka, malam ya fassara, ya tashi, gobe ya ɗora daga inda ya tsaya, a huta Alhamis da Juma'a. Babu wanda yake tambayarsa littafi nawa ya sauke bana. Tambayar ita ce wane littafi yake ciki, kuma wane babi ya kai. Haka ma mai son sauke Alƙur'ani a wata: bugun Madina shafi 604 ne, kowane juzu'i kimanin shafi 20, saboda haka shafi huɗu bayan kowace salla sun isa. Da na ɗauki wannan lissafi na ɗora a kan alkawarina, sai na ga shafi 15 a rana suna ba da shafi 5,475 a shekara, wanda ya yi daidai da littafi 24 masu shafi kusan 230 kowanne. Tun daga lokacin shafuka nake ƙirgawa, kuma a ranar da littafin ya yi tsauri nakan ƙirga lokacin da na zauna da shi. Ta wannan hanya babban littafi ya daina zama abin da ke jawo mini koma baya.

Sauran darussan ba sa buƙatar dogon bayani. Lokacin da ya fi tabbata shi ne bayan sallar Asuba, kafin yara su tashi, domin dare yana hannun gajiya da ɗaukewar wuta. Watannin Mayu da Yuni na jarrabawa ne, gara a tanadar musu littafi mai sauƙi tun daga Janairu. A watan azumi nakan rage komai in bar wa Alƙur'ani wurinsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin sabon littafi ya fi ƙarfin albashin malami, saboda haka aro da musaya da masu sayar da tsofaffin littattafai su ne mafita. Kuma littafin da ya ƙi shiga bayan an ba shi haƙƙinsa, a ajiye shi a ɗauki wani.

Na gama Infaƙul Maisuri a zango na uku na waccan shekara, kuma abin da na samu a cikinsa ya shiga darussan da na koyar a kan waƙoƙin masu jihadi, ɗalibai suka amfana da shi ko da ba su san daga inda ya fito ba. Adadin littattafaina bai kai 24 ba a shekarar. Kwalin kuwa an cire shi daga bango bayan masu duba makarantu sun zo sun tafi, ba a sake maganarsa ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne malaman nan biyu da muka fara tare sun daina kawo littafi ofis, ɗaya daga cikinsu ta ce mini tun ranar taron nan karatu a gaban mutane ya fita daga ranta. Na rubuta takarda ina neman a cire wancan layi daga fayil ɗina kafin in tafi, an ce mini za a duba.