Asabar a Krofofrom

Yau na raka ɗan yayata Krofofrom, ƙauyen maƙeran tagulla da ke bayan garin Kumasi. Malaminsu ne ya ba su aiki a kan duwatsun awon zinariya na mutanen Akan na ƙasar Ghana, ƙananan siffofi na tagulla waɗanda suke kira abrammuo, shi kuma ya nace sai ya gani da idonsa.

Mun tarar da wani dattijo yana murza kakin zuma a tafin hannu. Kafin mu gama gaisawa ya fitar da kada ƙarami kamar ɗan yatsa. Ya shafe shi da yumɓu haɗe da garin gawayi. In ya bushe sai a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Dole a fasa yumɓun kafin a ciro abin, shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya.

Na ce, "Baba, me ya sa kadojin nan biyu suka gitta juna?" Ya ce cikinsu ɗaya ne, amma suna faɗa a kan abinci, don kowanne yana son ɗanɗanon ya bi ta maƙogwaronsa. 'Yan gida ɗaya ke nan masu rigimar gado. Kusan kowace siffa da karin maganarta, har tsuntsun sankofa mai waiwaye.

Tun wajen shekarar 1400 ake awo da su, har ƙarshen ƙarni na 19 da Turawan Ingila suka hana ciniki da garin zinariya. Na farkon ba su da siffar dabba, zane ne kawai, kuma wasu a kan miskali aka gina nauyinsu, awon da fataken Wangarawa suka kawo daga arewa. Mai saye da mai sayarwa kowa da sikelinsa da duwatsunsa, a auna nan, a sake aunawa can. Na sarki kuwa sun fi na talaka nauyi, wato harajin yana cikin dutsen. Wannan dabara ta ba ni dariya, ta kuma ɗan ba ni haushi.

Yanzu 'yan yawon buɗe ido ake zuba wa, ba mai damuwa da nauyi. Yaron ya sayi kunama guda, muka kama mota kafin la'asar. Ƙurar hanya ta sa ni tari har yanzu.